Kwalin Takalmi Guda, da Yaron da Ba Ka Taɓa Gani Ba

Ɗauki kwalin takalmi, irin wanda ake yarwa bayan an saya maka sabon sandal na makaranta. Tsawonsa bai wuce na rular aji da kaɗan ba. A ce an ba ka shi ka cika da kyauta don wani yaro da ba ka san sunansa ba, ba ka san garinsu ba, kuma mai yiwuwa ita ce kaɗai kyautar da zai samu a shekarar. Me za ka fara sakawa?

Mun yi wa ɗalibai da dama wannan tambaya, amsoshin kuma ba su cika bambanta ba: alewa, biskit, man shafawa, bindigar roba, sai rigar da ta yi wa ƙanensu kaɗan. Da zuciya ɗaya duk suka faɗa. Sai dai babu ko ɗaya a cikin waɗannan da zai tsallake teburin bincike na shirin da ya fi kowane aika irin waɗannan kwalaye a duniya. Cire su ake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai dalili a kan kowanne.

Labarin ya faro ne daga ƙasar Romaniya. A watan Disamba na 1989 aka hamɓarar da gwamnatin Nicolae Ceausescu. Da 'yan jarida suka samu shiga ƙasar, sai duniya ta ga abin da aka daɗe ana ɓoyewa: gidajen renon yara na gwamnati maƙil da yara fiye da dubu ɗari, da yawansu ma iyayensu na raye, talauci ne ya sa aka kai su can. Wani mutum mai suna Dave Cooke, mazaunin garin Wrexham a yankin Wales na Birtaniya, ya ga hotunan a talabijin. A 1990 ya haɗa kai da abokansa suka tara kaya, suka tuƙa manyan motoci har Romaniya. Daga wannan yunƙuri aka samu shirin Operation Christmas Child. A 1993 ƙungiyar Samaritan's Purse ta Amurka, wadda Franklin Graham ke shugabanta, ta shigo cikin aikin, inda ta aika kwalaye 28,000 ga yaran Bosniya da yaƙi ya rutsa da su. Ƙungiyar ta ce daga lokacin zuwa yau ta raba kwalaye sama da miliyan 200 a ƙasashe da yankuna fiye da 170.

Ya kamata ku sani cewa Samaritan's Purse ƙungiya ce ta Kiristoci masu wa'azi, kuma ta hannun coci-coci ake rabon kwalayen, tare da littattafan addini. Wannan ya sha jawo mata suka a Birtaniya, inda wasu ke ganin ba kowace makaranta ko iyayen da ke haɗa kwali suka san da hakan ba. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne ƙa'idojin haɗa kwalin, domin shekara talatin da wani abu na kuskure da gyara ne suka haife su.

Tafiyar kwali ita ke yanke hukunci

A Amurka, a mako na uku na watan Nuwamba ake karɓar kwalayen. Daga nan a kai su cibiyoyin bincike, inda 'yan aikin sa-kai ke buɗe kowane kwali su duba. Sai a jera su cikin manyan katan, a loda a kwantena, a ɗora a jirgin ruwa. Bayan teku akwai kwastam, bayan kwastam akwai babbar mota, wani lokaci har da babur ko kwalekwale ko jaki. Wasu kwalayen sai bayan watanni suke isa hannun yaro.

In ka riƙe wannan tafiya a ranka, jerin abubuwan da aka hana ba zai ba ka mamaki ba. Cakulan narkewa yake yi. Abinci yana lalacewa, yana kuma kiran ɓera da kiyashi. Duk abu mai ruwa, man shafawa ne ko turare ko shamfu, yana iya tsiyayewa ya ɓata kwalinsa har da na maƙwabta. Kwalba da madubin gilas fashewa suke yi, su bar tsini a inda ƙaramin hannu zai shiga cikin ɗoki. Magani kuwa ba a ba yaro shi ba tare da wani babba ya san abin da ake ciki ba. Tun 2017 shirin a Amurka ya daina karɓar ko da alewa da man goge baki, saboda dokokin kwastam na ƙasashen da ake kaiwa: abu ɗaya da wa'adinsa ya ƙare yana iya riƙe kaya masu yawa a tashar jirgin ruwa.

Batun bindigar roba daban ne, ba ruwansa da zafi ko kwastam. An hana duk abin wasan da ya shafi yaƙi, bindiga ce ko wuƙa ko sojan roba. Ku tuna cewa kwalayen 1993 Bosniya suka tafi, a lokacin da birnin Sarajevo ke cikin ƙawanya ana ruwan harsasai. Yaron da ya gudo daga ƙarar bindiga ta gaske, ba wasa yake gani ba in ya buɗe kwali ya tarar da ita. Duk wanda ya taɓa shiga sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Sai kuma tsofaffin kaya, inda mu kanmu muka ɗan yi gardama. Wani a cikinmu ya ce, ai riga mai kyau riga ce, ko an sa ta sau biyu, kuma da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne tsohuwar riga mai tsabta tana da amfani, akwai kuma inda ake bayar da ita. Amma wannan kwali sunansa kyauta. Yaron da duk rayuwarsa kwance yake sawa, ya san kwance da ganinsa. Abin da kwalin ke ba shi wanda bai saba samu ba shi ne abu sabo, wanda shi ne mutum na farko da ya taɓa shi.

Mun gwada da kanmu

Don kada mu faɗa muku abin da ba mu gani ba, mun haɗa kwali ɗaya da kayan kasuwa, ba tare da bin ƙa'ida ba. Muka ɗaure shi a bayan babur aka zaga da shi a hanya mai gargada, sannan muka bar shi yini guda cikin mota a rufe, a tsakiyar zafin bazara. Da yamma muka buɗe.

Biskit ɗin ya ɗauki ƙamshin sabulu, ba mai iya cinsa. Man shafawa ya narke ya bi gefen murfi ya jiƙa rabin littafin rubutu. Kalar zane irin ta kaki ta yi laushi ta manne da juna. Biro ɗaya ya yi aman tawada. A cikin ƙananan motocin roba uku da muka saya, biyu sun rabu da tayoyinsu tun kafin wani yaro ya tura su. Wannan kuskuren namu ne ƙarara: mun ga araha, muka ce uku sun fi ɗaya cika ido. Da mun haɗa kuɗin mun sayi guda ɗaya mai ƙwari, da ta iso lafiya. Abubuwan da suka fito yadda suka shiga su ne fensir, abin fiƙe fensir, igiyar tsalle, mataji da ƙwallon da muka sace wa iska.

Masu shirin suna ba da shawarar a fara da abu guda na burgewa, wanda ido zai fara sauka a kansa da an ɗaga murfi: ƙwallon ƙafa da aka sace wa iska tare da ƙaramin famfo, ko 'yar tsana mai kyau, ko sabuwar riga. Kada a manta da famfon da allurarsa, domin ƙwallo ba iska nauyi ne kawai. Haka abin wasa mai batir: ko dai a haɗa da ƙarin batir, ko a haƙura da shi, don ranar da batirin ya mutu wasan ya ƙare ke nan. Bayan abin burgewa sai kayan makaranta da na tsabta su cike sauran wurin: littattafan rubutu, fensirori, magogi, fensirorin kala na katako, burushin haƙori, ƙaramin tawul, mataji. In tsarin da kuke bi ya yarda da sabulu, a ƙulle shi cikin leda tasa shi kaɗai.

Kada ku raina kayan makaranta don ba su da ƙyalli. Kowannenmu ya san ɗan ajin da ke jira maƙwabcinsa ya gama rubutu kafin ya ari biro, ko mai haɗa darussa huɗu a littafi ɗaya. Motar roba mako biyu take yi. Littafi shida da fensir dozin ɗaya suna iya kai yaro ƙarshen zango.

Shekaru ma abin dubawa ne. Shirin ya kasa yara gida uku, 'yan shekara 2 zuwa 4, 5 zuwa 9, da 10 zuwa 14, kuma mai haɗawa zai zaɓi namiji ko mace ya rubuta a jikin kwali. Ɗan shekara uku ba a sa masa duwatsun ado ko wani ƙaramin abu da zai iya haɗiyewa. 'Yan aikin sa-kai sun sha faɗin cewa kwalayen samari 'yan 10 zuwa 14 ne suka fi ƙaranci, domin kowa ya fi son saya wa ƙananan yara 'yar tsana. Abin lura a nan, waɗannan sa'anninku ne ko ƙannenku na kusa. Babu wanda ya fi ku sanin abin da ɗan shekara goma sha uku zai yi murna da shi: akwatin kayan lissafi, tocila mai cajin rana, hula, ƙwallo.

Wani salo daga Afirka ta Kudu

A birnin Cape Town, a 2006, aka fara wani shiri mai suna Santa Shoebox Project da kwalaye 180 kacal. Yanzu ya bazu a Afirka ta Kudu har da Namibiya. Bambancinsa da na Amurka shi ne, mai bayarwa yana sanin sunan farko na yaron, da shekarunsa, da girman tufafinsa, kafin ya je kasuwa. Kuma kowane kwali dole ya ƙunshi abubuwa takwas: burushi, man goge baki, sabulu, tsumman wanka, kayan makaranta, abin wasa, alewa, da tufafi.

Kun lura alewa da man goge baki da aka hana a can, a nan wajibi ne? Dalili shi ne waɗannan kwalaye ba sa tsallaka teku, ba sa kwana watanni a kwantena. Ke nan ba a haddace ƙa'ida haka kawai, sai an san nisan tafiya da wanda za a kai wa.

A ganinmu wannan tsari na abubuwa takwas ya warware matsalar da ta fi kowace ciwo. Ba a ɓoye yara ke buɗe kwalayensu ba. A zaune suke a jere, kowa na leƙen na kusa da shi. Ka ƙaddara yarinya ta ɗaga murfi ta ga sabuwar riga da 'yar tsana da littattafai, ta kusa da ita kuma ta tarar da fensir biyu da balan-balan da takarda da aka cusa don cike wuri. Ta biyun ba ta yi laifin komai ba, amma ita za ta koma ɗaki tana tambayar kanta abin da ya sa. Gara kwali ashirin masu daraja ɗaya da hamsin da rabinsu iska ce.

In ajinku zai gwada

Ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ba. Kulob ɗin makaranta ko aji guda na iya yin wannan don gidan marayu ko sansanin da ke kusa, gabanin Sallah ko Kirsimeti ko komawa makaranta. Kuna ma da abin da masu aikawa daga Amurka ba su da shi. Su ana neman su haɗa da dala 10 a kan kowane kwali don kuɗin jigila, kuma ba su san ko hular sanyin da suka saka ƙasa mai zafi za ta tafi ba. Ku kuwa kun san yanayin, kun san irin littafin da malamai ke karɓa, kuɗinku kuma a kasuwar garinku zai tsaya.

Matakin farko ba kasuwa ba ce. Ku sa malaminku ya je wurin masu kula da yaran ya tambayo adadinsu, shekarunsu, maza nawa mata nawa, da abin da suka fi buƙata. Mai yiwuwa ku ji cewa silifas ne, ba abin wasa ba. In yara arba'in da biyu ne, kwali arba'in da biyu za a kai, har da ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, don ba a rabon da zai bar yaro ɗaya hannu rabbana. Ku tara kuɗin wuri guda ku sayi kaya dozin-dozin a wurin 'yan sari, ya fi kowa ya saya nasa araha, kuma kwalayen za su fito iri ɗaya. Ranar rabo a bar waya a aljihu, sai in masu kula da yaran sun amince da hoto.

Ƙaramar wasiƙa da hannunka tana da kyau a saman kaya: gaisuwa, sunanka na farko, ajinka, wasan da kake so. Banda adireshi da lambar waya.

In an gama jerawa, a rufe kwalin a girgiza shi kusa da kunne. In kaya na kai da komo a ciki, a cike gurbin da safa ko hankici, ba da takarda ba. In murfin ya ƙi zama, a rage wani abu maimakon a danne. Masu son yin ado su naɗe murfin daban, gindin daban, yadda malami zai iya buɗewa ya duba ba tare da yaga komai ba. Sai a rubuta namiji ko mace da shekaru a sama, a zagaya shi da roba biyu.