Waƙafi a Larabci, Boko da Japananci

Wanda ya buɗe tsofaffin rubuce-rubucen hannu na zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ba zai ga waƙafi ba. Malami ne ke nuna wa almajiri inda zai numfasa. Sai a 1912 Ahmad Zaki na Masar ya tsara waƙafin Larabci, mai jela sama (،), saɓanin na boko.

Japanawa kuwa ba sa barin tazara tsakanin kalmomi, saboda haka ɗan karkataccen ɗigonsu (、) ke hana magana cakuɗewa. Sukan sa shi bayan jigon zance, ko inda jimla ta yi tsawo. Don haka ɗalibai, kada ku raina alamar waƙafi: ku karanta rubutunku a bayyane kafin ku ajiye ta.