Uwargida, Ina Za Ki Sa Kanki Idan Gwaninki Ya Faɗi?

  

Ga shi dai guguwar zaɓen 2027 ta fara kaɗawa. Ke da kike Taloka ko Goronyo, ko Wurno da Rabah, kin san yadda take somawa. Da fari a bakin maza ake jin ta, a zaure da majalisar mai shayi, sai hotuna su mamaye bango, sai motoci masu lasifika su fara zagaye ranar kasuwa. Kafin ki ankara ta faɗo tsakar gida, yaro ya dawo daga yawo da hula mai hoton wani, maigida ya hana a taɓa masa rediyo, kishiya ta ɗaura atamfa mai tambarin jam'iyya tana kai da kawo a gabanki.

Na san wata za ta ce ina ruwan mace da siyasa. To, 'yar'uwa, a zaɓukan 1959 da 1964 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, iyayenmu mata na Arewa kuwa suna gida, doka ba ta ba su dama ba. Sai a 1976 aka ba su, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Zaɓen shugaban ƙasa na farko da matan Arewa suka shiga layi shi ne na 1979, wanda kuma ɗan Sakkwato, Alhaji Shehu Shagari, ya lashe a jam'iyyar NPN. Tun daga lokacin babu ɗan siyasar da ke wasa da layin mata. Ba laifi ba ne ki zaɓi gwaninki, ki so shi, ki yi masa addu'a. Abin da nake so mu duba shi ne irin hanyar da masoyin ɗan takara ke bi, don hanya ce mai tudu da gangare, kuma mafi yawan waɗanda suka kama ta ba sa isa inda suka nufa.

Mu fara da na kusa da mu. Alhaji Attahiru Dalhatu Bafarawa ɗan gabashin nan ne, daga ƙasar Isa. Ya yi gwamnan Sakkwato shekara takwas, daga 1999 zuwa 2007, sannan ya nemi kujerar shugaban ƙasa a jam'iyyar DPP. Duk wadda ta ga cikar taronsa a garuruwanmu a wancan lokaci za ta rantse an gama, rantsuwa kawai ake jira. Da aka faɗi sakamako a watan Afrilun 2007, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya samu ƙuri'a sama da miliyan 24, Janar Muhammadu Buhari miliyan 6 da dubu 600, shi kuwa Bafarawa bai kai dubu 300 ba a duk faɗin ƙasa. Kujerar gwamnan jihar ma ba ta zauna a hannun jam'iyyarsa ba, tsohon mataimakinsa Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko ne ya ɗauke ta a PDP.

An yi kukan maguɗi a zaɓen nan, kuma shi kansa 'Yar'aduwa ya amsa ranar rantsar da shi cewa akwai kura-kurai a ciki. Sai dai akwai wani abu da ba a cika gaya wa mata ba, wato yadda tsarin mulki ya tsara cin wannan kujera. Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba. Dole ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24 cikin 36. Don haka cikar fili a Sakkwato, ko da ƙura ta rufe rana, ba ta nuna miki abin da mutanen Inugu ko Ibadan ke shirin yi. Wadda ta san wannan ba za ta sayar da tunkiyarta ta yi ankon murna tun kafin a ƙirga ba.

Wani lokacin ma abin ba ya kaiwa ga akwatin da ke hannunki. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, yana gwamnan jiharmu, ya nemi tutar PDP a Fatakwal a watan Oktoban 2018. Wakilan jam'iyya ne kaɗai ke zaɓe a irin wannan taro. Ya zo na biyu da ƙuri'a 693, Alhaji Atiku Abubakar ya samu 1,532, Bafarawa kuma, wanda shi ma ya shiga, ya tashi da 48. A ranar 28 ga Mayun 2022 aka sake haɗuwa a Abuja. Magoya bayan Tambuwal sun yi watanni suna liƙa hotuna, sun raba dare a gaban talabijin, sai ga gwanin nasu ya sake karɓar lasifika gab da fara jefa ƙuri'a, ya ce ya janye, masoyansa su zaɓi Atiku. Cikin 'yan mintuna hidimar watanni ta koma hannun wani. Shi ya san dalilinsa, kuma a siyasa wannan ba baƙon abu ba ne. Amma ki tuna da matar da ta yi zage-zage da maƙwabciyarta a kansa da safiyar wannan rana.

Wanda ya fi kowa gwada haƙurin masoyansa kuwa shi ne marigayi Janar Buhari. Abin mamaki, shi ne sojan da ya karɓi mulki bayan an hamɓare Shagari ranar 31 ga Disamban 1983, amma bayan shekara ashirin talakawan Sakkwato suka rungume shi kamar ɗan ɗaki. Ya tsaya a 2003 a ANPP ya samu sama da miliyan 12, Obasanjo ya samu sama da 24. Ya tafi kotu, aka yi ta jan shari'a har watan Yulin 2005, bai yi nasara ba. Ya tsaya a 2007, ya sake komawa kotu, Kotun Ƙoli ta yanke a Disamban 2008, alƙalai huɗu suka tabbatar da 'Yar'aduwa, uku suka saɓa. Ya kafa CPC ya tsaya a 2011, har ya zubar da hawaye a gaban jama'a a Abuja yana cewa wannan ce takararsa ta ƙarshe. Na san gidaje da dama da mata suka taya shi kuka a ranar, wasu ko abincin dare ba su iya ci ba. Ya ci jihohi 12, dukkansu a Arewa, Goodluck Jonathan ya wuce da sama da miliyan 22.

A nan nake so ki tsaya da ni, uwargida, don nan ne abin ya taɓa mu iyaye. Da sakamako ya fara fitowa a watan Afrilun 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku, mafi yawansu a Jihar Kaduna. A Bauchi an kashe matasa goma masu yi wa ƙasa hidima, 'ya'yan wasu mata ne irinmu da aka turo aikin zaɓe. An ƙone masallatai da coci-coci da kasuwanni, har gidajen manya ba su tsira ba. Su wa suka fita titi? Yara ne masu shekara sha bakwai, ashirin, waɗanda suka yi watanni suna jin manya na cewa idan ba a ba mu ba to sata aka yi, kuma ba za a zauna lafiya ba. Wasu daga bakin iyayensu mata suka ji. Yaro ba ya rarrabe zafin baki da umarni. Abin da kika faɗa kina tsaye a bakin murhu don huce takaici, shi a kunnensa izini ne. Kuma duk ɗan siyasar da zai ba ɗanki ƙwaya da gora da naira dubu ya bi ayarinsa, ki tambaya ina nasa 'ya'yan suke a ranar. Ni dai a ganina uwar da ta hana ɗanta zama ɗan banga ta fi wadda ta kawo mata ɗari rumfar zaɓe yi wa gwaninta hidima.

Daga baya Allah Ya nufa. A 2013 jam'iyyun CPC da ACN da ANPP suka dunƙule suka zama APC, wato aka samu abin da ya rasa a baya, ƙafa a Kudu. A Disamban 2014 ya ci zaɓen fid da gwani a Legas da ƙuri'a 3,430. Talakawa suka riƙa sayen katin gudummawa da ɗan abin da suka mallaka. Ana saura mako guda sai aka ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairun 2015 zuwa 28 ga Maris, hankula suka tashi, baƙi da yawa suka kwashe iyali suka koma garuruwansu. Ranar 31 ga Maris Jonathan ya ɗauki waya ya taya shi murna tun ba a gama sanarwa ba. A Jihar Sakkwato kaɗai ya samu sama da ƙuri'a dubu 670. An yi guɗa, an yi sadaka, wasu sun yi azumin godiya.

To amma fa cin zaɓe bai rufe labari ba. Mu mutanen gabashin Sakkwato mun san abin da ya biyo baya fiye da yadda za a ba mu labari. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin Gandi a ƙasar Rabah. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, mutum sama da 40 suka rasu. Manoman albasa da shinkafa da ke cin albarkar madatsar ruwan Goronyo suka koma shiga fadama da fargaba. A lokacin na ga mata kashi biyu. Akwai wadda don ta yi masa guɗa a 2015 take jin kunyar buɗe baki ta ce an gaza, akwai kuma wadda ta koma tsinuwa kamar ba ita ta sayi kati ba. Ban ga dalilin ko ɗaya ba. Wadda ta zaɓi mutum ita ta fi kowa haƙƙin ta tambaye shi ina alkawari, cikin ladabi kuma ba da tsoro ba. Ya sauka a 2023, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, aka binne shi a Daura. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda aka kashe mana.

Sai batun cikin gida. A ajin matan aure da nake koyarwa da dare na taɓa samun mata biyu, 'yan wa da ƙane, da suka shekara ba sa zama tabarma ɗaya saboda zaɓe, har ɗaya ta ƙi zuwa sunan ɗaya. Su kuwa waɗanda ake faɗan dominsu fa? Wamakko da ya ci gwamna a PDP a 2007 ya koma APC a 2013. Bafarawa da ya kara da PDP a 2007, a cikinta ya nemi takara a 2018. Tambuwal da Wamakko tafiya ɗaya suka yi a 2015, a 2018 suka raba gari. Su suna sauya sheƙa, su haɗu a ɗaurin aure da ta'aziyya su yi musabaha, ke kuwa an bar ki da gabar da ba ki san ranar ƙarewarta ba. Tun a 1979 marigayi Waziri Ibrahim na jam'iyyar GNPP yake wa'azin siyasa ba da gaba ba, har yau ba mu gama koyo ba.

Idan ra'ayinki ya saɓa da na maigida, ba sai kin mayar da ɗaki filin gangami ba. Ki nemi izninsa ki fita, ki saurari hujjarsa, ki faɗi taki a lokacin da ya dace, ba a gaban yara ko abokiyar zama ba. Ƙuri'a dai a asirce ake dangwala ta, daga ke sai Mahaliccinki. Shi ma maigida mai hankali ba zai sa aurensa a caca don mutumin da bai san sunansa ba.

Za a zo miki da atamfa da sabulu da taliya da magi, ta hannun shugabar mata ta unguwa, wadda ita ma sau da yawa ba a ba ta komai ba sai alkawari. Doka ta hana sayen ƙuri'a, kuma laifin ya hau kan mai bayarwa da mai karɓa. Na san halin da ake ciki, wadda ta kwana ba ta ɗora tukunya ba ba a yi mata dogon wa'azi a kan taliya. Amma ki san darajar abin da ake neman saye. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, ana cikin wahalar canjin kuɗi, Atiku ya samu ƙuri'a 288,679 a Jihar Sakkwato, Bola Tinubu ya samu 285,444, tazarar 3,235 ke nan. A zaɓen gwamna na 2019 kuwa ƙuri'a 342 kacal ta raba Tambuwal da Ahmad Aliyu. Matan Taloka kaɗai sun fi wannan adadi.

Saboda haka tun yanzu ki binciko katinki na zaɓe a ƙasan adaka ko cikin kwalla, ki tabbatar yana nan. Kada ki ba kowa shi da sunan za a rubuta ki a tallafi, ko lambar da ke jikinsa kada ki bari a kwafa. Idan rashin tsaro ya taso ku daga ƙauyenku, ki sa maigida ko babban ɗanki ya raka ki ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma, ki ji yadda ake mayar da rajista zuwa inda kike zaune, kafin a rufe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.