Masu kutse da izinin maigida

Idan kamfani ya ɗauke ni in gwada masa tsaron kwamfutocinsa daga ciki, abin da nake nema bai da yawa: kujera a wani lungu na ofis, ramin waya a bango inda zan jona kwamfutata, sai asusun ma'aikaci mafi ƙanƙanta, irin wanda ake buɗe wa sabon magatakarda ranar da ya kama aiki. Daga wannan kujera zan duba ko zan iya kaiwa ga takardun albashi, da wasiƙun manajan darakta, da kwamfutar da ake tura kuɗi da ita. Wannan shi ne gwajin kutse na cikin gida, kuma a mafi yawan wuraren da na shiga, na tarar da hanyar a buɗe.

Manajoji kan yi mamakin wannan buƙata. “Injiniya, ai mu na waje muke tsoro,” in ji wani, yana nuna mini na'urar da suka kashe maƙudan kuɗi suka girke tsakaninsu da intanet. Na ce masa, “Yallaɓai, ka zuba masu gadi a zaure, amma ɗakunan cikin gidan ko sakata babu. Ni aikina in nuna maka abin da zai faru ranar da wani ya wuce zauren.” Kuma wucewar ba ta da wuya. Ya ishe ka ma'aikaci ɗaya ya buɗe takardar da aka liƙo masa a imel, ko ɗan kwangila ya shigo da kwamfutar da ta kwaso cuta a wani wuri. A ƙarshen 2013 ɓarayi sun shiga Target, babban kamfanin kantuna na Amurka, da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai yi musu aikin na'urorin sanyaya ɗaki. Daga nan suka ratsa har na'urorin karɓar kuɗi, suka kwashe bayanan katunan banki wajen miliyan 40. Tambayar da ya kamata a yi tun kafin lokacin ita ce, me ya haɗa mai gyaran iyakwandishan da teburin kashiya?

Kafin in taɓa komai sai an rubuta takarda. Ta faɗi kwamfutocin da aka yarda in gwada, da waɗanda aka ce kada in kusanta, da lokutan aiki, da wanda zan kira ko da tsakar dare ne idan wani abu ya tsaya. Ba na wasa da wannan takarda, domin ita kaɗai ta raba ni da mai laifi. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum a gaban alƙali. Ko da takardar ma akan samu matsala. A watan Satumbar 2019 an kama ma'aikatan kamfanin Coalfire biyu, Gary De Mercurio da Justin Wynn, a cikin wani ginin kotu a jihar Iowa ta Amurka da tsakar dare, alhali hukumar kotunan jihar ce ta ɗauke su aikin. Shugaban 'yan sandan yankin ya ce ginin na ƙaramar hukuma ne, jiha ba ta da hurumin ba da izini a kansa. Sun kwana a tsare, kuma sai a Janairun 2020 aka janye tuhumar. Tun daga nan nake tabbatarwa cewa wanda ya sa mini hannu shi ne mai abin da gaske.

Farkon aikin saurare ne. Kwamfutocin Windows suna da wata tsohuwar ɗabi'a: idan ɗaya ta nemi wata da suna ba ta same ta a rajistar sunaye ba, misali ma'aikaci ya yi kuskuren harafi wajen rubuta sunan ma'ajiyar takardu, sai ta yi shela ga duk kwamfutocin da ke kusa, wa ya san wance? Akwai wata manhaja mai suna Responder, wadda Laurent Gaffié ya rubuta, da ke amsa wannan shela ta ce ni ce. Ita kuwa mai tambaya ba ta bincike, sai ta miƙo sunan ma'aikacin da kalmar sirrinsa a dagule. An dagula ta ne da lissafi yadda ba za a karanta kai tsaye ba, amma ina iya ɗauke ta in kai wa wata kwamfuta mai ƙarfi, ta yi ta cankar miliyoyin kalmomi a daƙiƙa guda har ta dace. Doguwar kalma mai kyau za ta gagare ta. Gajera kuwa, kafin in gama shan shayi ta fito.

A nan ne nake ganin halin mutane ƙarara. Sunan kamfani a haɗa da shekarar da ake ciki, a ɗora alamar motsin rai a ƙarshe don a cika sharaɗi. Sunan ɗan fari. Arsenal, Chelsea, Barcelona. Idan an tilasta wa mutum canza kalma duk wata, sai ya riƙa canza lambar ƙarshe kawai. Mai kutse ya san duk wannan, shi ya sa ba ya gwada kalmomi da yawa a kan asusu ɗaya, don kada a kulle asusun a gane shi. Kalma ɗaya yake ɗauka ya gwada a kan ma'aikata ɗari biyar, kuma da wuya a rasa wanda za ta buɗe. Ban taɓa ganin laifin magatakarda a wannan ba. An ɗora masa kalmomin sirri goma, an ce kada ya rubuta, an ce ya canza su a kai a kai, ga aiki ya yi masa yawa. Tsarin da aka kafa ne ya kai shi ga haka.

Sai kuma zagaye. Da Nmap, manhajar da Gordon Lyon ya fitar tun 1997 kuma har yau ba a daina aiki da ita ba, nake ƙirga kwamfutocin da ke kan layin da ƙofofin da kowace ta bari a buɗe. Kullum sai an samu abin da masu kamfanin kansu sun manta da shi: tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin wani tebur da ta yi shekaru ba a sabunta ta ba, na'urar buga takardu da har yanzu ke kan kalmar sirrin da ta fito da ita daga masana'anta, ma'ajiyar da kowa ke iya buɗewa kuma a cikinta ga jadawalin Excel ɗauke da kalmomin sirrin sashen kwamfuta gaba ɗaya.

Amma zuciyar lamarin ita ce Active Directory. Wannan ita ce rajistar da Microsoft ta fito da ita tare da Windows 2000, inda ake rubuta kowane ma'aikaci, da kowace kwamfuta, da wanda ke da ikon taɓa me. Kusan duk babban kamfani da ita yake aiki, kuma wanda ya riƙe ta ya riƙe komai. Matsalarta tsufa. Shekara goma sha biyar ana ƙara mutane cikin rukuni-rukuni, ana ba da iko na wucin gadi ba a karɓewa, ana sauya wa ma'aikata sashe ba a goge tsohon izininsu, har ta kai babu mutum ɗaya da ya san yadda zaren ya sarƙe. A 2016 wasu masu gwaji uku, Andy Robbins da Rohan Vazarkar da Will Schroeder, suka fitar da BloodHound, manhajar da ke karanta wannan sarƙaƙiya ta zana ta a taswira. Ka nuna mata inda kake da inda kake son zuwa, ta fitar maka da hanya mafi kusa.

Ga irin hanyar da nake yawan gani. Asusun magatakardan da aka ba ni yana cikin wani rukuni da aka buɗe don wani aiki da aka gama tun da daɗewa. Rukunin yana da cikakken iko a kan wata kwamfuta a sashen kuɗi. Jiya injiniyan kamfanin ya zauna a kan wannan kwamfutar don ya gyara wata 'yar matsala, ya shiga da babban asusunsa, ya tashi ya tafi. Sawun shigarsa yana nan a ƙwaƙwalwar kwamfutar. Wani Bafaranshe, Benjamin Delpy, ya rubuta Mimikatz don ya nuna wa Microsoft cewa ana iya tsamo irin wannan sawu, kuma tun da ya sake ta a 2011 ta zama kayan aikin masu gwaji da ɓarayi baki ɗaya. Taku uku ke nan daga kujerar magatakarda zuwa makullin kamfani, kuma babu inda na fasa wani abu. Kowace ƙofa da izininta na shiga.

Akwai wata hanyar da wani masani, Tim Medin, ya bayyana a 2014. Kowane ma'aikaci yana iya neman tikitin shiga wata hidima, kamar rumbun bayanai, kuma tikitin a kulle yake zuwa da kalmar sirrin asusun hidimar, wadda ake iya cankowa kamar yadda na faɗa a baya. Irin waɗannan asusai ba na mutum ba ne, don haka babu mai tunawa da su. Sau da yawa kalmar da aka sa musu ranar da aka girke manhajar ita ce har yau, ga shi kuma an jibga musu iko don a huta da ƙorafi.

Wanda yake ganin duk wannan lissafin masana ne kawai, ya dubi abin da ya sami Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak, ranar 27 ga Yunin 2017. Wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta shigo ta cikin M.E.Doc, manhajar lissafin haraji da ake amfani da ita a Yukiren, wadda ke kan wata kwamfuta a ofishinsu na Odessa. Da ta shiga sai ta haɗa dabara biyu: wata ɓaraka a Windows da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris, da kuma satar sawun shiga irin ta Mimikatz. Ta fara da kwamfutocin da ba a sabunta ba, ta kwashi makullai a cikinsu, ta buɗe waɗanda aka sabunta da su. Cikin ɗan lokaci ofisoshi suka mutu, ƙofofin tashoshin jiragen ruwa suka ƙi buɗuwa, manyan motoci suka yi layi. Shugaban kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan kwamfutocin ajiya 4,000 cikin kwana goma, kuma asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun rajistar. A lokacin Maersk yana da kwamfutoci wajen 150 da ke riƙe da kwafin Active Directory, kowace tana kwafa daga 'yar'uwarta, an ɗauka ko wasu sun lalace wasu za su tsira. Ba a yi tunanin ranar da za su tafi gaba ɗaya ba. Aka yi ta buga waya ofis-ofis a faɗin duniya, har aka samu guda ɗaya da ta tsira a Gana, saboda wuta ta ɗauke a can kafin harin, kwamfutar ta yanke daga layin. Layin intanet ɗin ofishin ba zai iya tura bayanan da sauri ba, ma'aikatan kuma babu mai bizar Ingila, inda ake aikin tayar da kamfanin. Sai ɗayansu ya ɗauko faifan da ke ɗauke da bayanan ya hau jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Da wannan faifai aka tayar da kamfanin. Hanyar da cutar ta bi, daga kwamfuta guda zuwa rajista, ita ce dai hanyar da ake biyan mai gwaji ya nemo tun da sauran lokaci.

Ina kuma lura da wani abu yayin da nake aiki: shin akwai wanda ya gan ni? Da farko ina tafiya a hankali, daga baya in ƙara hayaniya da gangan, ina rubuta lokacin kowane taku. A ƙarshe mu zauna da masu tsaron kamfanin mu kwatanta littafina da nasu. Babu abin da ke faranta mini rai kamar wani matashin injiniya ya tako har kujerata ya ce, “Malam, kai ne ke taɓa rajista tun ɗazu?” Inda kuwa na kai ga makullin ba wanda ya motsa, wannan shirun nake sa wa a shafin farko na rahoto.

Rahoton nan shi ne abin da kamfani ya saya, kuma a kansa ne raina ya fi ɓaci da yadda sana'ar ke tafiya. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet ga bankuna a 2018 da suka wajabta irin wannan gwaji, haka ma ƙa'idar PCI DSS ta masu katunan banki tana neman a yi shi daga ciki da waje aƙalla sau ɗaya a shekara. Wannan abu ne mai kyau, amma ya haifar da kasuwar cika sharaɗi. Wani zai kunna manhajar bincike ta yi ta gudu ita kaɗai, ya buga shafi ɗari uku masu ja da rawaya, ya kira shi gwajin kutse. A ajiye a durowa sai masu binciken hukuma sun zo. Manhaja tana iya lissafo ɓaraka dubu, amma ba za ta gaya maka cewa ta bakwai da ta ɗari biyu, in an haɗa su, suna kaiwa ga asusun albashi ba. Manajan da ya karɓi rahoto ya tambayi mai gwajin: daga ina ka fara, ina ka kai, ta wace hanya, kuma wane gyara ɗaya ne zai datse ta?

Gyaran kuwa sau da yawa ba ya cin kuɗi. Ana kashe waccan tsohuwar shela ta Windows daga wuri ɗaya. Microsoft tana ba da LAPS kyauta tun 2015, wadda ke sa wa kowace kwamfuta kalmar sirrin mai kula ta daban, yadda faɗuwar ɗaya ba za ta ja sauran ba. Injiniya ya riƙe asusu biyu, kada ya taɓa shiga kwamfutar ma'aikaci da babban. A raba layin sashen kuɗi da na baƙi da na na'urorin buga takardu. A ajiye kwafin rajista a wurin da ba ya haɗe da komai, a kuma riƙa gwada dawo da shi. Abin da ke wahala shi ne samun wanda zai tsaya a kan aikin, domin kowane gyara yana taka wani: wannan ya saba da ikonsa, wancan yana tsoron kada tsohuwar manhajar lissafi ta tsaya a ƙarshen wata. Shi ya sa nake sa wa a yarjejeniya cewa zan dawo bayan wata uku, in zauna da asusun magatakarda irin na farko, in sake bin kowace hanya da na rubuta. Wadda aka toshe in soke ta, wadda aka bari in mayar da ita rahoto da sunan sashen da ya ɗauki alkawarin gyara ta.