Liyafar sojoji a bariki: yadda ake shirya ta da abin da ya kamata baƙi su sani

Jama'ar Kurfai da Tondikandiya ba baƙin kaki ba ne. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ƙasar Filinge ke ba da ƴaƴanta aikin soja, kuma a Fandu, kusa da Damana, aka haifi Janar Seyni Kunce a 1931, wanda ya mulki Nijar daga 15 ga Afrilun 1974 har rasuwarsa a 10 ga Nuwamban 1987. Duk da haka, da yawa daga cikinmu ba su san abin da ke gudana ba idan an ce yau akwai liyafa a bariki. Wani hakimi ko limami ko ɗan kasuwa sai ya ga takardar gayyata ta iso, ya rasa yadda zai yi.

Wannan liyafa ita ce ake kira repas de corps da Faransanci. Al'ada ce da sojojinmu suka gada daga rundunar Faransa: rana guda da dukan rukunin soja, daga komanda har zuwa ƙaramin soja, za su ci abinci wuri ɗaya. Akan yi ta wajen ƙarshen shekara, ko lokacin sallamar wani shugaba, ko a zagayowar wata babbar rana irin 1 ga Agusta, ranar da aka kafa rundunar sojan Nijar a 1961. A maƙwabciyarmu Najeriya, inda aka gaji tsarin Ingila, hafsoshi na da nasu cin abincin dare na musamman, sannan akwai bikin ƙarshen shekara da ake cewa WASA, wanda iyalai ke halarta.

To, yaya ake shirya ta? Farko dai sai komanda ya ba da izini ya kuma tsayar da rana. Daga nan ya naɗa ƴan kwamiti: mai riƙon kuɗi, mai kula da abinci, mai tsara baƙi da wurin zama, da mai kula da tsaro. Idan za a yi karo-karo, adalci shi ne kowa ya ba da gwargwadon galarsa, don kar a ɗora wa ƙaramin soja abin da ya fi ƙarfin albashinsa. Kwamitin kirki yana rubuta duk jikar da ta shiga da wadda ta fita, a karanta wa komanda bayan an gama.

Batun abinci nan ne mutanen gari ke shigowa. Rago gasasshe shi ne sarkin wannan zama, sai shinkafa da miya, dambu, bisap da ruwan sanyi. Ragunan kuwa a kasuwanninmu ake sayo su, Filinge ko Baleyara, mahautanmu da mata masu girki ne ke aikin. Shawara gare su ita ce a yi ciniki a fili tun farko, a san adadin mutane, a karɓi kafin alƙalami, a kuma rubuta ranar biyan ciko. Nama ba ya jiran kowa a zafin nan namu, saboda haka yanka da gashi su zamo a ranar, kar a kwana da shi.

Wurin zama shi ne ya fi kawo ƙorafi. A soja gala ce ke magana, ba shekaru ko dukiya ba. Komanda na tsakiyar babban teburi, babban baƙo na damansa, na biye da shi a hagu, haka ake ta sauka. Perefe, hukumomin gari, sarakunan gargajiya da malamai kowa da gurbinsa, shi ya sa ake rubuta suna a ajiye gaban kujera. Idan an gayyace ka, ka iso kafin lokaci, ka zauna inda aka nuna maka, kar kuma ka taho da ayarin da ba a rubuta ba. Sojoji na cikin kakin da komanda ya ambata, farar hula kuwa babbar riga ko shiga ta mutunci ta wadatar. Ba a fara ci sai shugaba ya fara, ba a kuma tashi sai ya tashi. A tsohuwar al'adar Faransa, hafsa mafi ƙarancin shekaru ne ke miƙewa ya karanto jerin abincin cikin raha, don a ɗan saki jiki.

Amma kafin raha akwai shiru. Akan miƙe tsaye a tuna da waɗanda suka kwanta dama, a yi musu addu'a. A jihar Tilaberi wannan minti ɗin yana da nauyi ƙwarai. Ba mu manta da Inates ba, inda aka kashe sojoji 71 ranar 10 ga Disamban 2019, ko Cinagodar da ke yankin Banibangu, inda aka rasa 89 ranar 9 ga Janairun 2020. Waɗannan bayin Allah sun bar mata da marayu. Kwamitin da ya san aikinsa zai ware wa iyalan mamata kujeru ko ya aika musu da rabonsu har gida, haka ma waɗanda ke kwance asibiti.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce gaba da kome. Tara shugabanni da sojoji wuri guda a yankin da ke fama da ƴan bindiga ba wasa ba ne. Don haka ba kowa ke zama ba: masu gadi da masu sintiri suna bakin aikinsu, ana kai musu abincinsu can. Akan kuma duba lokaci don kar a ci karo da sallar Magariba da Isha'i, kar kuma baƙi su yi dare a hanya. Mai girki, direba, mai haya da kujeru, duk wanda ya san rana da wuri, to ya riƙe bakinsa. Kar a ɗauki hoto sai da izini, kar a watsa a WhatsApp ko Facebook cewa ga su wane can zaune a wuri kaza. Hoto ɗaya na iya nuna wa maƙiyi ƙofa da yawan mutane.

Wani zai ce, ana cikin wannan hali ina ake ta liyafa? Amsar da tsofaffin sojoji ke bayarwa ita ce, wanda kuka ci a akushi ɗaya da shi ba ka barinsa a daji. Ranar ce ƙaramin soja ke ganin shugabansa kusa, mutanen gari su ma su san fuskar masu tsaron su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.