Ɗakin tafi-da-gidanka: A auna ƙarfin mota kafin a sa hannu a takardar saye

Duk wanda ya saba bin hanyar AYA zuwa Nyanya ya san gangaren Kugbo, inda mota mai nauyi kan nemi ta fi ƙarfin birkinta. A irin wannan gangare ne direban ma'aikata yake gane ko abin da aka ɗaura masa a bayan mota ya dace da ita ko bai dace ba. Sai dai ba shi ne ya zaɓi abin ba. An zaɓe shi watanni kafin nan a wani ofis, a kan takardar da wani jami'i ko hadimi ya rubuta, wani kuma ya sa hannu.

A Ostireliya da Afirka ta Kudu da Turai, ɗakin da ake ja da mota abin yawon hutu ne. A Abuja kuwa abin da aka fi ja a bayan Hilux ko Prado kayan aiki ne: janareta mai tayoyi, tankin ruwa, akwatin ɗaukar dawaki, ko ɗakin tafi-da-gidanka da aka mayar ƙaramin asibiti ko ofis domin shiga karkara. Kuma karkarar ba ta da nisa. Da zarar an bar kwalta a ƙananan hukumomin Kuje, Kwali, Abaji ko Bwari, sai laka da kwazazzabai, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba da ake ruwan sama. Shi ya sa mai saye kan nemi ɗaki mai ƙarfi, mai manyan tayoyi da shasi mai kauri. Amma duk ƙarfin da aka ƙara wa ɗaki, nauyi aka ƙara masa.

Lambar talla ba ita kaɗai ba ce

Dillali zai ce maka motar tana jan kilo 3,500. Ba lallai ƙarya ya yi ba, domin akwai sababbin Hilux masu injin dizal da manyan Land Cruiser da kamfaninsu ya amince musu da wannan adadi a wasu ƙasashe. Sai dai adadin yana da sharuɗɗa. Na farko, sai abin da ake ja yana da birkinsa na kansa. Idan ba shi da birki, iyakar da aka saba gani a littafin irin waɗannan motoci ita ce kilo 750 kacal. Na biyu, adadin ya danganta da injin da giyar motar da kasuwar da aka ƙera ta dominta, kuma mai injin fetur sau da yawa ba ta kai mai dizal ba. Don haka sunan mota bai isa hujja ba, sai an buɗe littafin wannan motar da ke gabanka.

Bayan wannan adadi akwai wasu guda uku. Akwai iyakar nauyin motar kanta idan an cika ta da mutane da kaya da mai. Akwai iyakar nauyin mota da abin da take ja idan an haɗa su. Sannan akwai nauyin da goshin ɗakin yake dannawa a kan ƙugiyar bayan mota. A motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, biyun farko suna rubuce a jikin wani ɗan faranti da ke bakin ƙofa ko cikin bonet, tare da iyakar abin da gatarin gaba da na baya za su ɗauka. Dole a mutunta dukkansu a lokaci guda, kuma wanda aka fara cimma wa shi ne iyakarka.

Yadda 3,500 ke komawa 1,500

A ce motar ma'aikata tana da nauyin kilo 2,100 ba kaya, iyakarta a cike 3,050, iyakarta tare da abin ja 5,850, kuma an ce tana jan 3,500. Idan aka ɗaura mata ɗaki mai kilo 3,500, abin da ya rage wa motar shi ne 2,350. Wato kilo 250 ke nan na direba da fasinja da kaya gaba ɗaya, abin da bai wuce manya uku ba.

To, tafiyar aiki ba haka take ba. Mutum biyar sun kai kilo 400. Ƙarfen kariya na gaba da sauran ƙarin da aka yi wa motar, a ce kilo 100. Lita 100 ta dizal a jarkoki ta kai kusan kilo 85. Jakunkuna da kayan gyara da takardu, a ce 215. Jimla kilo 800, motar ta zama 2,900. Saura kilo 150 ta cimma iyakarta, kuma a cikin wannan 150 ne nauyin goshin ɗakin zai zauna, domin bayan mota ne ke ɗauke da shi. A Ostireliya an saba ɗaukar wannan nauyi a matsayin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ɗakin, a Turai kuma kashi 5 zuwa 7. Da lissafin farko, ɗakin da motar za ta iya ja bai wuce kilo 1,500 ba. Ko da na biyun aka bi a kan kashi 7, bai fi kusan 2,100 ba.

Shi ma ɗakin yana da nasa ɓoyayyen lissafi. Nauyin da ake faɗa wajen ciniki na ɗaki ne fanko. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 200 ya ƙara kilo 200. A sa baturan sola, tukunyar gas, firijin ajiye magani, na'urar sanyaya ɗaki da ƙaramin janareta, sai ɗakin kilo 1,200 ya haura 1,700 ba a ankara ba. Ƙungiyoyin masu irin waɗannan ɗakuna a Birtaniya sun daɗe suna shawartar sabon direba kada nauyin ɗaki a cike ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar fanko. Shawara ce ba doka ba, amma dalilinta a fili yake: abin da ya fi mota nauyi shi ke juya ta.

Idan an bar kwalta

Duk waɗannan alƙaluma na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. A hanyar daji, kowane rami yana ninka bugun da ƙugiya da shasi suke sha, laka tana riƙe tayoyin ɗaki, kuloci da giya suna ɗaukar zafi. Littafin tsofaffin Land Rover Defender, wanda ya yarda da kilo 3,500 a kan kwalta, ya rage shi zuwa 1,000 a hanyar daji. Saboda haka ɗakin da zai shiga Rubochi ko Yaba da damina ya kamata ya zama mafi sauƙi da zai biya buƙata, mai tazara daga ƙasa, mai ƙugiyar da ke juyawa ta kowane ɓangare, kuma faɗin tayoyinsa ya yi daidai da na motar don su bi sawu ɗaya.

Akwai kuma batun ƙirar gida. Masu walda na iya haɗa ɗaki mai kyau a farashi mai sauƙi, amma idan babu farantin da ke nuna nauyinsa da ƙarfin gatarinsa, kuma babu birki, to kilo 750 ne iyakarsa komai kyansa. Haka ƙugiyar da aka liƙa da walda a jikin bamba ba ta zama madadin wadda aka ɗaure da shasi kuma aka rubuta iyakarta a jikinta ba.

Abin da ya kamata takardar saye ta ƙunsa

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ɗora wa ma'aikata nauyin fayyace abin da take so kafin ta nemi 'yan kwangila, kuma a nan ne jami'i yake da ikon hana matsala. A fara da motar da za ta yi jan, a rubuta iyakokinta huɗu, a cire nauyin tawaga da kayanta, abin da ya rage shi ne iyakar ɗakin a cike. A sharɗanta birki, sarƙar kariya, fitilun baya da na sigina, da tayoyin da suka dace da nauyin. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a cika tankin ruwa, a loda kaya, tawaga ta shiga, a kai mota da ɗaki kan babban sikelin auna motoci, a maƙala takardar awon a fayil.

A kuma saurari direba. Shi zai faɗa maka cewa kaya masu nauyi a ƙasa ake jera su, kusa da gatari, domin idan suka taru a baya ɗaki yakan fara lilo. Idan lilon ya fara, a hankali ake ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari tsaye, ba a dankara birki. A gangare kuma da ƙaramar giya ake sauka. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ba ƙananan motoci kilomita 100 a awa a babbar hanya, tireloli kuma 60. Motar da ke jan ɗaki ta fi kusa da rukuni na biyu a wajen tsayawa, don haka hadimin da ke tsara tafiya zuwa Abaji kada ya sa ta cikin jerin gwanon da zai tilasta mata gudun sauran motoci. A ba ta lokacinta, ta tashi da wuri.

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan harka ba haka abin yake ba: wanda ya sa hannu yana ofis, direba da ma'aikatan lafiya da sauran masu bin hanya ne ke kan gangaren. Lissafin da zai kare su bai fi na minti goma ba, da biro da littafin mota.