Kafin ka ba dillalin inshora kuɗinka a Kilomita Biyar

Duk wanda ya taɓa yin sallar Juma'a a Masallacin Koudoukou, wanda Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015, ya san da an sallame kasuwa ake komawa. Unguwar PK5, wato Kilomita Biyar, inda masallacin yake, ita ce cibiyar cinikin Bangui, kuma galibin hajarta daga tashar ruwan Douala take tasowa, ta ratso Garoua-Boulaï a bayan manyan motoci. Dukiyar da ke kwana a hanya irin wannan ita ke sa ɗan kasuwa tunanin inshora.

Bahaushe ba baƙon dillali ba ne. Sai dai a wannan harka mutum biyu ne masu kama da juna. Akwai wakilin kamfani, wanda hajar uban gidansa kaɗai yake tallatawa. Akwai kuma dillali, wanda ake kira courtier da Faransanci, shi naka ne: ya zaga kamfanoni, ya kwatanta farashi da sharuɗɗa, ranar asara kuma ya tsaya maka. La'adarsa daga kamfani take fitowa, don haka ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi dalilin da ya fifita wannan kamfani a kan wancan.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tana cikin ƙasashe 14 masu bin dokar inshora guda ta CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yaoundé a 1992. Dokar ta ce sai da izinin hukuma mutum zai yi dillanci, sai ya ajiye lamunin kuɗi, shi kansa kuma ya yi inshorar kuskuren sana'a. Shaidar abokan sahu a masallaci tana da daraja, amma a ga takardar izinin da ido. Tun gyaran 2011 kuma babu bashi: inshora ba ta fara aiki sai an biya. Wanda ya ce maka "je ka, Alhaji, ka kawo in kasuwa ta buɗe" bai yi maka alheri ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce ta tarzoma. A dokar CIMA, kamfani ba ya biyan ɓarnar yaƙin basasa ko hargitsin jama'a sai in an rubuta hakan a yarjejeniya. Mutanen da suka ga rikicin da ya ɓarke tun daga Disamba 2013, da shagunan da suka ƙone a faɗan 'yan kasuwa da masu ɗauke da makamai a Disamba 2019, sun san wace irin wuta ce ta fi cin unguwar. Takardar gobara zalla ba ta rufe wannan wutar. Sa dillali ya ɗora yatsa a kan layin, ya fassara maka shi da Hausa ko Sango, ya faɗi nawa ƙarin zai ci, in ma akwai kamfanin da zai karɓa.

Kada kuma ka rage darajar kaya don kuɗin ya sauka. Hajar miliyan 20 na sefa da aka rubuta miliyan 10, in rabinta ya ƙone, miliyan 5 za a ba ka maimakon 10. Rasit da littafin shago su kwana a gida.

Mai shakkar halaccin abin ya tambayi dillali batun takaful, wato inshorar Musulunci, wanda CIMA ta yi wa ƙa'ida a 2019. In sata ce ta auku, kira shi a ranar, domin wa'adin sanarwa kan kasance awa 48 kacal.