Rigar 'yan sama jannati da darasin da ke cikinta ga telolin Fagge

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki Fagge ya san yadda ake awo. Mutum ya miƙe ƙyam, ya sauke hannuwa, tela ya ɗora tef daga kafaɗa zuwa ƙasa. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, rabin aikin ba tela ke yin sa ba, nauyi ne. Nauyin shadda ne ke sa babbar riga ta zubo daga kafaɗa, shi ke danne aikin aska takwas a ƙirji, shi kuma ke riƙe hannun rigar idan an naɗe shi bisa kafaɗa.

To, a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, mai kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400, wannan mataimaki ba ya nan. Yadi ba ya zubowa, sai dai ya yi ta yawo, ya rufe fuska ko ya maƙale a jikin na'ura. Jikin ma sauyawa yake yi. Ƙashin baya na saki, har tsawon mutum ya ƙaru da kusan inci biyu. Ruwan jiki na taruwa a sama, fuska ta kumbura, ƙafafu su sirance. Idan ɗan sama jannati ya saki jiki, gwiwoyinsa kan ɗan lanƙwashe, hannuwansa su taso gabansa. Awon da aka yi masa a tsaye a doron ƙasa ya tashi daga aiki ke nan. Shi ya sa tufafinsu na yau da kullum suke da roba a ƙugu, aljihunsu na da zif, kuma ana liƙa Velcro a cinyar wando don kada alƙalami ya gudu. Rashawa har wata riga suka ƙirƙiro mai igiyoyin roba a ciki, wadda ke tilasta wa tsoka yin aiki a madadin nauyin da ta rasa.

Mai karatu zai iya ɗauka wannan fage ne na injiniyoyi zalla. Ba haka ba ne. Rigar da Neil Armstrong ya taka wata da ita a 1969, mata ne suka ɗinka ta da keken ɗinki a kamfanin ILC da ke jihar Delaware ta Amurka, kamfanin da aka sani da yin rigar mama ta Playtex. Shafi 21 ke gare ta, kuma kuskuren da aka yarje wa mai ɗinkin bai kai milimita ɗaya ba, domin ran mutum ne a hannunta. Batun awo kuwa bai daina ba su ciwon kai ba: a watan Maris na 2019 hukumar NASA ta fasa fitar mata biyu tare zuwa wajen tashar, saboda riga ɗaya ce matsakaiciya da ke shirye. Sai a watan Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka yi fitar.

Ban kawo wannan zance don ina mafarkin telan Fagge zai ɗinka wa NASA riga ba. Tambayar da waɗancan mutane suke fara yi ce ta ja hankalina: me mai rigar zai yi a cikinta? Kakanninmu sun san wannan tambaya. Wandon buje, mai faɗin hantsa da matsattsiyar ƙafa, don mahayin doki aka yanka shi, ya buɗe ƙafa bisa sirdi ba tare da ɗinki ya ɓalle ba. Yau kuwa doki ya koma na hawan salla, babur da Adaidaita Sahu suka maye gurbinsa, amma yankanmu bai motsa ba, sai dai ma ya ƙara matsewa. Wa bai taɓa jin labarin hijabi ko gefen riga da ya naɗe a tayar babur ba? Kaftanin zamani da samari ke yayi, a tsaye ya yi kyau, amma a ɗaga hannu ko a je sujada a ji yadda hammata da hantsa ke kuka.

Abin takaicin shi ne ba kayan aiki muka rasa ba. Kantin Kwari na nan cikin Fagge, kasuwar da fatake ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Zare da zif da maɓalli da roba kuwa, ga kasuwar Sabon Gari kusa. Hannu ma akwai, domin wanda ya iya zaunar da aikin wuya daidai wa daida ba ƙaramin gwani ba ne. Amma shiga kowace kasuwa ka nemi kayan aikin makaniki, ko na ma'aikaciyar jinya, ko na mai gini, akasari ko dai gwanjo za ka samu ko na China, waɗanda ba a yanka su don zafin watan Afrilu na Kano ba, balle don macen da ke son ta yi aiki cikin sutura.

A ganina ƙungiyoyin teloli da makarantun koyon sana'a na jihar nan za su iya farawa da abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo: a koya wa almajirin tela ya auna mutum sau uku, a tsaye, a zaune, sannan da hannuwa a sama, kafin ya ɗauki almakashi.